Kun manta da sunan Barth

Madalla da wannan labari kan asalin sunayen iyalan Jamusawa, wallahi duk shekarun da na yi ina kallon Thomas Müller a Bayern ban san ma'anar sunansa mai niƙa ba ne, wato wani kakan kakansa ne ke niƙa wa gari hatsi, haka Schmidt maƙeri, Schneider kuma tela. Amma akwai suna ɗaya da na so a ce kun taɓo, Barth. Shi ba daga sana'a ya fito ba, laƙabi ne daga kalmar Bart wato gemu, mai gemun gari aka riƙa kira da shi har ya bi 'ya'ya da jikoki, wasu gidajen kuma daga Bartholomäus suka gutsuro shi.

Abin da ya sa na damu da sunan, Heinrich Barth ne, haifaffen Hamburg a 1821, wanda ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdul Karim, ya koyi Hausa, ya rubuta yadda ya ga masu rini da tufafin Kano da fatake ke kaiwa nesa, ya je Katsina da Sakkwato da Kukawa har Timbuktu. Da zai koma a 1855 ya tafi da yara biyu, Abbega da Dorugu, kuma labarin rayuwar Dorugu da Hausa aka rubuta shi can Ingila. Don Allah ku yi mana labari na musamman a kan wannan gida.