Ranar da Na Tsoma Baki a Hirar Besbol

Kun dai san shagon askin 'yan Dominikan nan da ke ƙasan gidanmu a Bronx, kun kuma san ni ɗan Arsenal ne har gobe, besbol ba ta dame ni ba. To a Fabrairun 2025 na shiga aski, daidai lokacin da Yankees, kulob ɗin besbol na Bronx, suka tafi Tampa atisayen share fagen kaka. Mutumin naku na Kumasi, mai Camry ɗin nan, yana kan benci yana jiran layi.

Shago ya kaure da musu, rabi Sifaniyanci rabi Turanci. Takaicin 2024 bai sake su ba: Dodgers sun lallasa Yankees 4-1 a World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, kuma a wasa na biyar Yankees na gaba da 5-0 sai ɗan wasansu Aaron Judge ya saki ƙwallon da ta faɗo masa cikin safar hannu, komai ya wargaje. Rabon su da kofi tun 2009. Wani tsoho mai sanda yana ta bubbuga ƙasa wai kulob ɗin bai iya renon yara ba, sai sayen na wasu. Mai askina kuma ya rantse bana shekarar Jasson Domínguez ce, yaron ƙasarsu da aka saya dala miliyan 5.1 yana ɗan shekara 16.

Ni kuwa ina zaune an naɗe ni da ƙyalle har wuya, an aske gefen hagu, dama na nan. Sai na ji ina son a san ni ma ɗan unguwa ne. Akwai suna ɗaya da na riƙe daga bakin yarona a bara. Na gyara murya, na ɗaga yatsa daga ƙarƙashin ƙyalle, na ce: “Ku kwantar da hankalinku. Muddin muna da Juan Soto, kofin bana namu ne.”

Jama'a, injin aski ya mutu. Ba na kaina kaɗai ba, na duk kujerun. Har wanda ake gyara wa gemu ya ture hannun mai askinsa ya leƙo ni ta madubi. Tsohon nan ya cire gilashi ya goge ya mayar. Ni kuma ina ta murmushi, na ɗauka nauyin maganar ne ya kama su, har na ƙara da cewa ai ɗan ƙasarku ne, ya kamata ku yi alfahari. Ashe tun Disamba Soto ya tattara ya koma Mets, kulob ɗin hamayya can Queens, kan dala miliyan 765 na shekara 15. Wato na shiga gidan da aka yi saki ina yabon amarya.

Mai askina bai zage ni ba. Da ma zagin ya yi. Ajiye injin ya yi ya jawo kujera ya buɗe mini makaranta, kaina rabi da rabi. Wai a besbol yaro ba ya faɗowa babban kulob haka kawai, sai ya hau tsanin ƙananan kulob: Tampa, Hudson Valley, Somerset, sannan Scranton, yana kwana a bas yana cin kwabo. Wai Domínguez bugunsa na farko a 2023 ya fitar da ƙwallon da fitaccen mai jifa Verlander ya jefo masa waje, bai jima ba aka yi masa tiyata a gwiwar hannu. Wai Anthony Volpe a shekararsa ta farko cikin gwajin bugu goma, biyu kawai yake samu, amma aka bar shi saboda iya tsaro. Na ce to idan kakar ta lalace ba za a zubar da ku rukuni na biyu ba? Nan ma aka sake yin shiru. Babu wannan a wajensu, ko ka sha kashi a duk wasanni 162 kana nan daram. Wannan kuma wane irin wasa ne, fisabilillahi?

Amma duk ba su ne suka ƙona mini rai ba. Mutumin naku ne. Ya san Soto ya tafi, domin kullum rediyon wasanni yake ji a mota. Ya ga na buɗe baki, ko tari bai yi ba. Da aka yi shiru kuwa shi ya fara fashewa, yana dukan cinya yana cewa, “Alhaji, Soton wa? Soton wa, Alhaji?” da Hausa, wadda ba mai ji a shagon sai ni. Mutumin da na kai shi filin jirgi cikin dusar ƙanƙara ban karɓi ko sisi ba. Mutumin da har yau kuɗin tayar da na ranta masa bai fito ba, kullum sai an biya shi adashi. Kafin in haura bene ya riga ya tura saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp, har uwargida ta tarbe ni da “Sannu da zuwa, Soto.”

Yarona ma da na tuhume shi cewa ya yi ya faɗa mini tun lokacin, wai ina kallon Arsenal na ce masa to. Ban tuna haka ba.

Askin dai ya fito da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yanzu can wajen wani ɗan Senegal nake zuwa, ya fi tsada kuma ga nisa. Wanda ya ga mai Camry ya tuna masa batun taya.