Jikan Sarkin Ruwa a Zanzibar

Kusan minti 30 daga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, kwale-kwale ya tsaya a tsibirin Changuu. Ruwa kwance, garai-garai, ana hango yashi a ƙasa.

Ɗanliti: Ranka ya daɗe, mun iso Tsibirin Kurkuku.

Alhaji: Kurkuku? Dala na biya a kawo ni kurkuku?

Ɗanliti: A 1893 Turawan Ingila suka gina shi, amma ba a taɓa kulle fursuna a ciki ba.

Alhaji: Ashe kwangilar banza ba mu muka fara ta ba.

Mai jirgi ya miƙo rigar kariya da tabarau da bututun numfashi. Alhaji ya gyara babbar riga (shadda ce, ta sha bugu, ya faɗi kuɗinta sau uku a hanya).

Alhaji: Kai, faɗa masa kakana Sarkin Ruwa ne. A kogin Wudil na koyi iyo.

Hajiya: Alhaji, a kan gada kake wuce Wudil, gilashin mota a rufe.

Alhaji: Hajiya, da ke ake?

Ɗanliti: To ko hular a cire?

Alhaji: Zanna Bukar ɗin? Kifi ya ga kaina tsirara? Kuma ai mun biya inshorar dole, dala 44 kowane kai. In ban nutse ba wa ya ci riba?

Ɗanliti: Bututun dai a baki ake sa shi, ana shaƙar iska ta sama, ana kallon kifi da murjani.

Hajiya: Murjani? Ɗanliti, miƙo jakata.

Ɗanliti: Hajiya, an hana taɓawa. Abu ne mai rai, karya shi laifi ne.

Hajiya: To kallon me za a yi?

Alhaji ya yi bisimilla ya faɗa. Babbar riga ta sha iska ta baje a kan ruwa kamar laima, bututu ya cika, Alhaji ya kwankwaɗi teku.

Alhaji: Innalillahi! Ɗanliti! Ka ce wa Hajiya ta yafe ni! Kuɗin Alhaji Ƙarami suna ƙarƙashin katifa!

Ɗanliti: Ranka ya daɗe, miƙe tsaye.

Ya miƙe. Ruwan iya gwiwa.

Alhaji: Gwada ku nake. (Tari.) Wa ya zuba gishiri haka? Duk ruwan nan, a ce ko jarka ɗaya ba ta sayuwa, mu kuma can muna bin 'yan garuwa da lallashi.

Hajiya: Wace katifar?

Alhaji: Ɗanliti, ba ka ce akwai kunkuru ba?

Ɗanliti: Manya-manya ma. Daga Seychelles aka kawo na farkonsu a 1919, wasu sun haura shekara 100.

Alhaji: Ka ji masu hankali, sun zauna a tudu. Mu je mu gaishe su.

Hajiya: Ta ɗakinka ko ta falo?