Ingila na yabon punk na jiya, tana toshe bakin na yau

Abin da ya biyo bayan wasan Bob Vylan, ƙungiyar mawaƙan punk ta mutum biyu, a bikin kiɗa na Glastonbury da ke Ingila ranar 28 ga Yunin 2025 har yanzu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mawaƙin ƙungiyar ya hau dandamali, ya sa taron jama'a kiran mutuwa ga sojojin Isra'ila, BBC kuma tana watsawa kai tsaye. Cikin 'yan kwanaki Firaminista Keir Starmer ya yi tir, BBC ta nemi afuwa, Amurka ta soke musu biza, kamfanin da ke nemo musu wasanni ya sallame su, 'yan sanda suka buɗe bincike.

Ni ma ba na son a kira wa kowa mutuwa, da ni ne da wasu kalmomi zan zaɓa. Sai dai a lokacin an riga an kashe mutum sama da dubu 50 a Gaza, kuma duk wannan hukunci kan mawaƙi ya sauka. Masu cewa ya yi waƙarsa ya bar siyasa ba su san punk ba, don haka ba zan ɓata lokaci a kansu ba.

Punk tun farkonsa a tsakiyar shekarun 1970 kiɗan matasa ne masu fushi: waƙa ta minti biyu ko uku, gita mai kaushi, murya kamar ana rigima. A 1977, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta cika 25 kan karaga, ƙungiyar punk ta Sex Pistols suka fitar da waƙar God Save the Queen. A bangon faifan an rufe idanu da bakin Sarauniya da haruffan da aka yayyanko kamar daga jarida. Waƙar ta kira masarautar mulkin danniya, ta ce wa matasa ba su da makoma. BBC ta haramta sa ta. Ranar 7 ga Yuni suka yi wasa a jirgin ruwa kan kogin Thames, 'yan sanda suka tare su a bakin gaɓa, suka kama manajansu Malcolm McLaren. Duk da haka waƙar ta kai ta biyu a jerin mafi kasuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka mayar da wannan tarihi kayan ado. A 2015 bankin Virgin Money ya buga sunan Sex Pistols a katin bashi. A 2016 aka yi bikin cikar punk shekara 40 da goyon bayan ofishin magajin garin Landan, har ɗan McLaren, Joe Corré, ya ƙona kayan tarihin punk da ya mallaka don nuna takaici. Waɗanda suka tsufa ana rataye hotunansu a gidan tarihi, na yanzu kuma ana kashe musu makirufo.

Kuma waɗannan gwamnatoci ne, Ingila da Amurka, suka soki ɗaurin shekara biyu da aka yi wa matan ƙungiyar punk ta Rasha, Pussy Riot, a 2012, bayan sun yi waƙar adawa da Putin a babban cocin Mosko. Sun yi daidai a lokacin. Me ya canza, in ban da wanda aka taɓa?

BBC ta ce ba za ta ƙara watsa mawaƙan da take ganin masu haɗari ne kai tsaye ba. Ya kamata ta janye wannan mataki, masu shirya bukukuwa kuma su daina soke wasa da zarar ɗan siyasa ya ɗaure fuska. A watan Disamban 2025 'yan sanda suka ce babu isasshiyar hujjar gurfanar da kowa kan wasan Glastonbury, amma a lokacin wasannin da Bob Vylan suka shirya yi a Amurka sun riga sun rushe.