Makonni biyu kafin a shiga da Yaya ɗakin tiyata

Sai da na nemi izinin Yaya kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, amma kada in kama suna. To ba zan kama ba.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara takwas. Bara aka yi mata tiyatar rage ƙiba. Yanzu duk wanda ya gan ta tambayarsa uku ce: kilo nawa kika zubar, nawa kika kashe, a ina aka yi. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda ta kwana ranar da aka sa mata ranar aiki. Ni na sani, don a ɗakinta nake kwana a lokacin. Abin da idona ya gani a makonnin nan shi ya tabbatar mini cewa muna barin masu shirin wannan tiyata su kaɗai daidai lokacin da suka fi bukatar mutum a kusa.

Ranar da aka auna ta nauyinta kilo 128, tsawonta mita 1.63. Likita ya yi lissafinsa ya ce ma'aunin BMI ɗinta, wato ma'aunin ƙiba da ake haɗa nauyi da tsawo a fitar, 48 ne. Tun 1991 ƙa'idar da aka kafa a Amurka ta ce wanda ya kai 40, ko 35 tare da cuta irin ciwon suga ko hawan jini, ya cancanci a duba yi masa aiki. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin sun sauko da iyakar zuwa 35 ko da babu wata cuta. Yaya ta wuce duka biyun nesa ba kusa ba. Ga suga shekara shida, ga hawan jini, ga gwiwoyin da suka mayar da sallarta kan kujera. Minsharin da muke yi mata tsiya a kai tun da daɗewa ashe numfashinta ne ke ɗaukewa cikin barci.

Kuma kada wani ya ce ba ta gwada ba. Shayin rage teɓa, ruwan ɗumi da lemun tsami da sassafe, zoɓo ba suga, tattaki bayan asuba har ƙafa ta kumbura, barin tuwon dare wata da watanni. Ta zubar da kilo goma, su dawo goma sha biyar. Idan ƙiba ta kai wani matsayi, jiki da kansa yake yaƙi da ramar: yunwa ta ƙaru, ƙona abinci ya ragu. Wannan ba rashin zuciya ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne bakunan da suka zuga ta su ne suka dawo suna yankar ta. Tana amarya, gwaggonninmu har guɗa suke yi: ta yi ɓul-ɓul, miji ya iya kiwo. A garin nan 'yan mata nawa ke shan sha-ka-fashe don kada a ce musu sillan kara? Amma da abin ya wuce inda ido ke so, sai aka koma kiran ta giwa. Mai adaidaita ya ce sai ta biya kuɗin mutum biyu, a gaban jama'a. Tela ya ɗaga atamfarta ya ce turmi ɗaya ba zai ishe ta ba, yaransa na ƙunshe dariya. Ta daina zuwa biki. In an matsa mata ta je, sai ta nemi lungu ta ƙi cin komai, don ta san ana ƙirga lomarta.

Da ta yanke shawara ta fara faɗa wa na kusa, ga abin da ta samu. Mama ta yi shiru, can ta ce, “Yanzu da ƙafarki za ki kai kanki a yanka ki?” Gwaggo ta ce canza halittar Allah ne. Kawu ya karanto mata hadisin raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, kamar ba ta haddace shi tun tana Islamiyya ba. Wata ƙawarta ta ce hanyar ragwaye ce. Wata kuma ta kawo labarin wata mata da aka ce an shiga da ita ba ta fito ba. Mijin Yaya, Allah ya saka masa da alheri, ya biya kuɗin bai yi ƙorafi ba, amma da ta ɗauko maganar tsoro sai ya ce ta bar wa Allah, ya tashi. Na san shi ma tsoron yake ji. Daga nan ta kama bakinta. Sauran dangi aka ce musu aikin matsarmama za a yi.

Maganar canza halitta ta dame ta ƙwarai, har ta je ta tambayi malamin da ta yarda da shi. Ya tambaye ta: don ado za ki yi ko don cuta? Ta lissafa masa magungunan da take sha kullum. Ya ce neman magani ne, ya tuna mata hadisin da ke cikin Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ya ce ta yi istihara. Wannan ya sauke mata nauyi guda. Amma tsoron bai tafi ba.

Kuma tsoron yana da dalili. Aikin da aka zaɓa mata, wanda ake kira silib, cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin mutum ake yi, a bar siriri kamar ayaba. Abin da aka cire ya tafi ke nan, ba a mayarwa. A ɓangaren da ake cirewa ne jiki ke samar da yawancin sinadarin girelin mai tayar da yunwa, shi ya sa ba cikin kawai ke raguwa ba, har da kwaɗayin. Ɗayan aikin, baifas, wanda likita Edward Mason ya fara a Iowa ta Amurka tun shekarun 1960, ɗan aljihu ake yi a saman tumbi a haɗa shi da hanji. Yanzu galibi ta 'yan ƙananan huji ake yi da kyamara, kuma a hannun ƙwararru haɗarin mutuwa kaɗan ne, ana kwatanta shi da na cire matsarmama. Likita ya faɗa mata duk wannan. Sai dai lissafi ba ya sa mutum barci da ƙarfe biyun dare.

Makonni biyu kafin aikin aka ɗora ta kan abinci mai ruwa-ruwa da ƙarancin kuzari. Dalilin shi ne hanta: tana kwance a kan tumbi, a jikin mai ƙiba kuma takan yi kitse ta girma, to sai an ɗan rage ta kafin likita ya iya ɗaga ta ya yi aikinsa. Rana ta huɗu na shiga kicin na tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina da firji. An kaɗa miyar kuka, an zuba man shanu, ƙamshin ya cika gidan. Hawaye take yi ba sauti. Na ce, “Yaya, ki yi haƙuri, kwana goma ya rage.” Ta girgiza kai ta ce, “Auta, ba yunwa ba ce. Lokacin da Baba ya rasu abincin nan ne ya rarrashe ni. Lokacin da cikina ya zube shi ne ya zauna da ni. Yanzu in raina ya ɓaci, ina zan je?”

Ban da amsa. Ina ƙaunarta, amma ban taɓa zama a inda take zaune ba.

Wadda ta amsa mata, wata baiwar Allah ce da aka yi wa irin aikin shekara biyu da suka wuce. Mai ba da shawarar abinci ta asibitin ce ta haɗa su, da izinin matar. A daren nan ta turo saƙon murya, kalmarta ta farko ita ce: “Rana ta huɗu ce ko? Kanki na sarawa, kina jin haushin kowa, kina tunanin fasawa. Ni ma a rana ta huɗu na kusa fasawa.” Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Ba ta ce mata kada ki ji tsoro ba, cewa ta yi ni ma na ji. Duk cikinmu ba mai iya faɗin wannan.

Ta saka ta a wani guruf na WhatsApp na mata da suka yi ko suke shirin yi. A nan Yaya ta yi tambayoyin da kunya ta hana ta yi wa likita namiji. Gashi zai zube? Suka ce yakan zube tsakanin wata na uku zuwa na shida, ya dawo, ki kula da abinci mai gina jiki. Fatar hannu da ciki fa? Za ta saki, wasu sun saba da ita, wasu har yau tana damun su, ba su ɓoye mata ba. Haihuwa? Likitoci na cewa a jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Azumin Ramadan na farko? Mafi yawansu likita ya hana su, don ba a iya kwankwaɗar ruwa da sahur, kurɓa-kurɓa ake yi duk yini. Sai tambayar da babu ita a takardar asibiti: in uwar miji ta ajiye miki malmala biyu kika ci loma uku, me za ki ce mata? Nan aka yi ta ba da dabaru har dare ya raba. Wata ta ce ta rubuta wasiyya kafin nata aikin. Sai a ranar Yaya ta gaya mini ita ma ta rubuta tata, tana ƙarƙashin kayanta a durowa, sati guda ke nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Ba zan ce guruf ɗin aljanna ba ne. Akwai wadda ke cewa ta daina shan bitamin kuma lafiyarta ƙalau, alhali bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam abin sha ne na tsawon rai, rashinsu kuma a hankali yake cin jini da jijiyoyi. Akwai wadda daga baya aka gane dillaliya ce, tana tallan tafiya waje a farashi mai sauƙi. 'Yar'uwar da ta riga ki za ta riƙe miki zuciya, amma zazzaɓi da bugun zuciya da sauri da ciwon ciki mai tsanani bayan aiki ba na guruf ba ne, na asibiti ne a take. Haka ganin likitan ƙwaƙwalwa kafin aiki, wanda wasu ke ɗauka cin fuska ne har su ɓoye damuwarsu don kada a hana su. Wuƙar likita tumbi take yanka, baƙin cikin da ya sa mutum cin abinci cikin dare yana nan inda yake, kuma in an toshe masa wannan ƙofa zai nemi wata. Yaya ta faɗi gaskiya a wannan zama, har yanzu tana komawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu tafiya a ɓoye. Saboda gudun bakinmu mace za ta ce Umara za ta je ko sarin kaya, ta wuce Turkiyya ko Masar ko Indiya, a yi mata aiki, bayan sati ta dawo gidan da ba wanda ya san abin da ke jikinta. Ba likitan da ke bibiyarta, ba mai dama mata kunu marar suga, ta yi amai a ce shawara ce a kawo mata jiƙo. In wani abu ya same ta, da hannunmu a ciki. Don Allah, in ɗan'uwanku ya buɗe baki ya ce zai yi wannan aiki, ku san ya daɗe yana juya maganar kafin ta fito. Ku tambaye shi me yake tsoro, ku bar shi ya gama faɗa. Ku ajiye labarin wadda ta mutu. In kuma ya ce ya fasa ko ya ɗaga, wannan ma haƙƙinsa ne. A guruf ɗin wata ta ɗaga nata sau biyu, ba wadda ta goranta mata.

Saura kwana uku, Mama har lokacin ba ta sake ɗaga maganar ba, gaisuwa kawai. Matar nan da ta turo saƙon murya ta ji labari, sai ta ce a ba Mama waya, ta haɗa ta da tata mahaifiyar. Tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba suka yi kusan awa guda. Ina daga bakin ƙofa na ji Mama ta tambaya, “To Hajiya, yanzu tana iya cin tuwo?” Aka ce mata tana ci, loma huɗu ko biyar, kuma tana sujada goshinta a ƙasa.

Washegari Mama ta aiki yaro kasuwa. Da asubar ranar aikin ta zo da leda a hannu, a ciki akwai ɗan ƙaramin kofi da ƙaramin cokali irin na yaye. Ta miƙa mini ta ce in ajiye, da su za a fara ba ta ruwa. Sannan ta zauna a gefen gadon, ta kama hannun Yaya tana yi mata addu'a har ma'aikatan jinya suka zo da keken.