Bakano da Bazazzagi a Ajin Zane

A kan titin Bauchi a Jos akwai wani shago da warin fenti ke riga mai shi yi maka maraba. Shagon Oga Sale Fenta ke nan. Allon shago, lambar Keke Napep, zaki da ɗawisu a bayan tirela, duk hannunsa ne. Da ya ga girma ya fara kama shi, sai ya sanar cewa duk ranar Asabar zai riƙa koya wa yaran unguwa zane kyauta. Yara ya nufa. Amma in ka ce kyauta a garin nan, ba kai ke zaɓen wanda zai ji ba. Tun kafin a buɗe shago sai ga Ɗanliti Bakano mai sayar da caja a Taminus, a bayansa kuma Malam Tanimu Bazazzagi, da rigar sanyi biyu da jakar takardu.

OGA SALE: Ku kuma fa? Yara na ce.

ƊANLITI: Oga, ai a fagen zane ni jariri ne. Ko suna ba a raɗa min ba.

OGA SALE: To me ya kawo ka?

ƊANLITI: Lissafi. An ce wani Ben Enwonwu ya zana wata 'yar gidan sarautar Ife, Tutu, a 2018 aka yi gwanjon hoton a Landan sama da fam miliyan 1. Mace ɗaya fa, Oga, ko jaka ba ta riƙe ba! Na ce to ni in na zana mata huɗu a takarda ɗaya fa?

TANIMU: Ka ji Bakano. Ko fensir bai feƙe ba ya fara sari.

ƊANLITI: Kuma aikin ba wuya. A waya na ga wani Bature ya zana fuskar tsoho cikin minti ɗaya, har da furfura.

OGA SALE: Gudu aka sa wa bidiyon. Aikin yini guda ne, wani ma kwana biyu.

ƊANLITI: To ni ma a sa min gudun.

OGA SALE: Malam Tanimu, kai fa?

TANIMU: Ni gado na zo karɓa, ranka ya daɗe. A 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Suka ce sun daina bin Turawa ido rufe, sai an haɗa da zanen gida. Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo...

ƊANLITI: A cikinsu wanne ne ɗan Tudun Wada?

TANIMU: Akwai Yusuf.

OGA SALE: Ɗan Legas ne.

TANIMU: Ruwan Zariya dai suka sha. Kuma kakana ke sayar musu da rake a Samaru.

ƊANLITI: Ashe gadon ɓawon rake ne.

Oga Sale ya ga in ya biye musu sai la'asar. Ya aiki yaro wurin Mai Shayi ya aro ƙwai ɗaya, ya ɗora shi a kan tebur kusa da ƙofa, inda hasken safiya ke shigowa.

OGA SALE: Ku zana.

ƊANLITI: Na gama.

OGA SALE: Wannan sifili ne.

ƊANLITI: Ƙwai ne, daga nesa.

OGA SALE: Ko sau ɗaya ba ka ɗaga kai ka dubi ƙwan ba. Abin da ke cikin kanka ka zana. Matso nan. Ina ne ya fi haske?

ƊANLITI: Wajen ƙofa.

OGA SALE: Ina ya fi duhu?

ƊANLITI: Can ƙarshen ɗaya gefen.

OGA SALE: Ƙara dubawa. Runtse ido kaɗan.

ƊANLITI: Kai! Duhun bai kai ƙarshe ba. Daga ƙasa kamar wani ya ɗan haska shi.

OGA SALE: Tebur ne. Haske ya sauka a kansa, ya mayar wa ƙwan kaɗan. In ka bar wannan ɗan hasken a zanenka, ƙwai zai yi ciki ya zauna daram. In ka shafe shi, ka koma sifilinka. Fara da fensir HB, a hankali. Inda ya yi duhu ka ɗauki 2B. Inuwar da ke ƙarƙashin ƙwan, wadda ta manne da tebur, ita ce ta 6B.

ƊANLITI: Fensir uku a kan ƙwai ɗaya? Ba sai in danna guda ɗaya da ƙarfi ba?

OGA SALE: Sai ka huda takarda.

ƊANLITI: Nawa takardar? Bari mu ga wanne ya fi araha.

OGA SALE: Malam Tanimu, mu ga naka.

TANIMU: Ina kan gabatarwa.

Gaskiya ne. Ya rubuta kwanan wata, ya ja layi da rula, ya rubuta "Ƙwai: Ma'anarsa da Rabe-rabensa", ya kuma feƙe fensirinsa har ya koma tsawon ɗan yatsa. Ana cikin haka Mai Shayi ya leƙo.

MAI SHAYI: Oga, a ba ni ƙwai na. Mai indomi na jira.

OGA SALE: Darasi muke yi da shi.

MAI SHAYI: Ya isa haka. Shi ma yana da wurin aiki.

Da ƙwai ya tafi, sai aka koma kan fuska. Oga Sale ya ce ɗaya ya zauna, ɗaya ya zana. Tanimu ya yi wuf ya hau benci, don zama ya fi zane sauƙi.

OGA SALE: Ɗanliti, a ina ido yake a kan mutum?

ƊANLITI: Sama mana.

OGA SALE: Tsakiya. Daga tsakar ka zuwa haɓa, in ka raba biyu, nan idanu suke.

ƊANLITI: A gafarce ni Oga, shekara talatin ina duba madubi.

OGA SALE: Gashi da hula ke ruɗin ka. Miƙa hannu gaba ɗaya, rufe ido ɗaya, auna da fensir. Tanimu, cire hular.

TANIMU: A sanyin Jos?

ƊANLITI: Ikon Allah! Tsakiya ne. To Oga, duk wannan filin na sama da ido, me Zage-zagi ke ajiyewa a ciki?

TANIMU: Abin da Kanawa suka sayar.

OGA SALE: Tsakanin ido da ido kuma, faɗin ido ɗaya ne. Kunne daga gira zuwa gindin hanci. Kai kuma daina motsi.

Sai dai hana Tanimu motsi abu ne mai yiwuwa, hana shi lacca kuwa sai Allah.

TANIMU: Ku nan Jos ba ku san arzikinku ba. Mutanen Nok sun ƙera kawunan mutane da yumɓu sama da shekara 2,000 da suka wuce. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. A 1943 wani ma'aikacin kuza ya tsinci wani kan, bai san darajarsa ba, ya kafa shi a gonar doya yana korar ɓarna. Daga baya ya kai hannun Bernard Fagg, Baturen da ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, can kusa da gidan zu.

ƊANLITI: Rufe bakin, shi nake zanawa.

TANIMU: Idanunsu masu kusurwa uku, da huji a tsakiya...

ƊANLITI: Madalla. Haka naka ma suka fito.

Oga Sale ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. Ni da na gani da idona zan iya shaida cewa an bi ƙa'ida: idanu suna tsakiya. Matsalar dai ɗaya ya girmi ɗaya, kunnuwa sun yi fiffike, bakin kuma a wangale yake saboda mai shi bai taɓa rufe shi ba.

TANIMU: Wannan ni ne?

ƊANLITI: Oga ya ce abin da na gani zan zana.

OGA SALE: Jingina shi a waje ya sha iska. Yara na shigowa.

Darasin launi bai daɗe ba. Oga ya nuna musu shuɗi da rawaya na ba da kore, ja da rawaya na ba da ruwan lemo. Tanimu ya ce zai haɗa dukkansu don a samu haɗin kan ƙasa, ya samu ruwan kwata. Ɗanliti kuwa ya tsiyaya wa fentin mai kananzir har ya zama ana hango katako ta cikinsa, wai gwangwani ɗaya zai yi aikin uku.

Bayan azahar Oga ya ce akwai aikin allon wata mai kindirmo a Farin Gada, kowa ya gwada zana saniya. Wannan karon har Tanimu ya sa hannu. Suna gamawa sai ga Baffa Jauro ya biyo ta wurin da sandarsa a wuya, ya tsaya cak.

JAURO: Sannunku da aiki. Wannan wace dabba ce?

ƊANLITI: Haba Baffa, saniya mana.

JAURO: Aradu tun ina yaro nake bin shanu, daga nan har Mambila, ban taɓa gamuwa da ita ba. Dariya take yi?

ƊANLITI: Talla ce, dole ta yi fara'a.

JAURO: Da haƙoran sama?

ƊANLITI: To da na wa za ta yi?

JAURO: Yaro, saniya ba ta da haƙoran gaba a sama. Dasashi ne kawai mai tauri. Da harshe take naɗo ciyawa ta tsinke.

ƊANLITI: Wa ya cire mata?

JAURO: Haka Allah ya yi ta. Kofaton nan kuma na doki ne, nata a rabe yake biyu. Ina tozo? Kuma hantsar nan, nonuwa nawa na gani?

ƊANLITI: Shida.

JAURO: Huɗu ne.

ƊANLITI: Biyun gyara ne, Baffa. Mai kindirmo ce.

TANIMU: Baffa, dubi tawa. Na bi tsarin masana.

JAURO: Taka ta fi. Ka ba ta ƙahon Rahaji, jikin Bunaji, wuyan raƙumi. Kunnuwan kuma ka ɗora su sama da ƙaho. Ta ina za ta ji kira, ta sama?

TANIMU: Salo ne na zamani.

JAURO: In ta shigo garke na, sauran watsewa za su yi.

Jauro ya sa bakin sandarsa a ƙasa, ya ja layi biyar ko shida a cikin ƙura: gadon baya, tozo, ƙaho, lanƙwasar ƙafar baya. Saniya ta fito, har kana jin za ta kaɗa jela. Oga Sale, wanda ya shekara da shekaru yana zana shanu a allon mahauta, ya tsuguna ya ƙura wa ƙafar bayan ido, bai ce komai ba.

ƊANLITI: Baffa, a wace makaranta ka koya?

JAURO: Ni ban iya zane ba. Saniya na sani.

ƊANLITI: Oga, akwai yadda za a kwashe ƙasar nan a kai Landan?

Ana wannan sai wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya. Baba Dung ne, manomi daga Riyom, ya zo karɓar lambar motarsa. Yana sauka ya yi ido huɗu da hoton da aka jingina a waje, ya ja da baya taku biyu.

BABA DUNG: Kai! Oga Sale, wannan na sayarwa ne?

ƊANLITI: Na sayarwa ne, Baba! Ni ne mai zanen. Ka ga aikin hannu ko?

BABA DUNG: Na gani. Tsuntsaye sun gama ni a gonar acca. Na kafa tsumma, na rataya gwangwani, har leda na ɗaura, a kai suke sauka su huta. Amma wannan, ko ni sai da gabana ya faɗi.

TANIMU: Baba, fuskata ce fa!

ƊANLITI: Kwantar da hankalinka, Malam. Ba kai ka ce kan Nok ma daga gona ya fara ba? Ka kama hanyar gidan tarihi.

BABA DUNG: Dubu ɗaya.

ƊANLITI: Albarka. Fensir uku na kashe a kai.

OGA SALE: Fensir na.

BABA DUNG: Dubu ɗaya da ɗari biyar. Amma takarda ce, ruwa ɗaya zai lalata ta.

Baba Dung ya dubi hoton, ya dubi Tanimu, ya sake duban hoton.

BABA DUNG: Shi mai fuskar fa, yana da aiki da safe?

TANIMU: Inna lillahi!

ƊANLITI: Ba shi da shi, Baba. Kuma yana magana ba tsayawa, ko gwangwani ba sai ka rataya ba. Na yini kake so ko na wata?