Gardamar tsarin na'urar numfashi ta ishe mu, a koma auna majinyaci

Abokan aiki da ke ɗakunan inaya, wato na kulawa ta musamman ga masu rashin lafiya mai tsanani, a Makka, Jidda da Riyad, da waɗanda aikin Hajji ke kaiwa asibitocin Mina, inda ciwon huhu ke kwantar da alhazai da yawa, ku ba ni aron kunnuwanku. Kullum ana ja-in-ja a kan wane tsarin na'urar numfashi ya fi wa mai ARDS, wato mummunan kumburin huhu da ke hana oksijin shiga jini: wanda ke ƙayyade yawan iska, ko wanda ke ƙayyade matsi, ko APRV, wanda ke riƙe matsi a sama yana ɗan sakinsa lokaci-lokaci. A ganina tambaya biyu sun fi wannan muhimmanci. Iska nawa ke shiga a kowane numfashi? Kuma da wane ƙarfi majinyacin ke janta?

Ta farko an daɗe da amsa ta. A binciken Amurka na shekarar 2000 a kan majinyata 861, waɗanda aka ba iska mililita 6 a kan kowane kilo a kowane numfashi sun mutu da kashi 31 cikin ɗari, waɗanda aka ba 12 kuwa kusan kashi 40. Amma kilon nan daga tsayi ake lissafa shi, tunda huhu ba ya ƙara girma don mutum ya yi ƙiba. Ga namiji: a cire 152.4 daga tsayinsa a santimita, a ninka da 0.91, a ƙara 50. Ga mace a ƙara 45.5. Idan aka ninka kilon da ya fito da 6, Alhaji mai tsayi 170 zai samu kimanin mililita 400. Hajiya mai tsayi 155 ba za ta kai 300 ba, amma sau da yawa sai a tarar an bar mata 500 ɗin da aka samu a kan na'urar. Don Allah a ɗauko tef a auna, kada a ƙiyasta da ido. Sannan a riƙe numfashi a duba matsin tsayawa, wato matsin da ke cikin huhu lokacin da iska ta tsaya bayan shigarta: kada ya wuce santimita 30 na ruwa, kuma idan aka cire PEEP, wato matsin da na'ura ke bari a huhu bayan fitar numfashi, daga cikinsa, ragowar ta tsaya ƙasa da 15.

Ta biyu ita ce mai wuyar sha'ani, domin barin majinyaci ya yi numfashi da kansa yana da amfani na gaske. Tsokar da ta raba ƙirji da ciki tana ci gaba da aiki, ƙasan huhu ta wajen baya yana buɗewa, maganin barci yana raguwa. Wani bincike na 2008 ya nuna wannan tsokar na fara motsewa bayan awa 18 zuwa 69 kawai da na'ura ta karɓe mata aiki gaba ɗaya.

Sai dai huhun da ya jiƙe sharkaf wani abu ne daban. Majinyacin da iska ba ta ishe shi ba yana ja da dukkan ƙarfinsa, matsin cikin ƙirjinsa ya faɗi ƙasa sosai, huhun ya miƙe fiye da kima, alhali allon na'ura na nuna lamba mai kwantar da hankali, saboda matsin bututu kawai yake gani. Wani lokaci ya ja numfashi na biyu kafin ya fitar da na farko, 400 ɗin da ka saita ta koma kusan 800. A tsarin tallafin matsi kuwa, inda shi ke fara kowane numfashi na'ura ta ɗan tallafa masa, babu mai tsayar da shi, sai a ji ana murna wai ya fara numfashi da kansa.

Shi ya sa nake cewa a duba P0.1, wato ma'aunin ƙarfin jansa a farkon numfashi, yawancin na'urorin zamani na nuna shi. Sama da 4, jan ya yi yawa. Ƙasa da 1, an danne shi da magani ko tallafin ya wuce buƙata. Kafin a ƙara maganin barci a nemo abin da ke ingiza shi: ciwo, zazzaɓi, tsamin jini, majina a bututu, ko gudun iskar da aka saita ya yi kaɗan.

Idan rabon oksijin na jini da wanda ake ba shi ya faɗi ƙasa da 150, na'ura ta karɓi aikin, a kifa shi rub da ciki aƙalla awa 16 a jere. A binciken 2013, kifawar ta rage mutuwa daga kusan kashi 33 zuwa 16. Maganin sassauta tsoka na awa 48 ya nuna amfani a Faransa a 2010, babban binciken Amurka na 2019 kuma bai ga bambanci ba, don haka a ajiye shi ga wanda ke kokawa da na'ura duk da an gyara komai.

Da oksijin ya fara gyaruwa, a rage maganin barci kowace safiya, a koma tallafin matsi ana lura da yawan iskar da yake ja, sannan a gwada shi yana numfashi da kansa minti 30 da ɗan tallafi kaɗan. SIMV kam, tsarin da ke gauraya numfashin na'ura da na majinyaci, tun binciken 1994 da 1995 aka ga yaye majinyaci daga na'ura ta hanyarsa ya fi ɗaukar lokaci.