Injiniyar da ke cikin kwali

Shekara tara ke nan da aure ya kawo ni Agege daga Zariya. Ranar Asabar na shiga wani kanti a Ikeja da 'yata, sai ta tsaya cak gaban wata 'yar tsana mai tabarau, riƙe da ƙaramar kwamfuta ruwan hoda. Ta ce, "Umma, wannan injiniya ce?" Na ce mata e, amma raina bai kwanta da amsar ba.

A 2010 kamfanin Mattel na Amurka ya fitar da irin wannan 'yar tsana, Barbie injiniyar kwamfuta. A littafin yaran da aka yi mata, ita zanen wasa kawai take yi, sai maza biyu sun zo sun rubuta mata manhajar, har kwamfutar da ta lalace su suka gyara. Da iyaye suka yi ca a 2014, kamfanin ya nemi afuwa ya janye littafin. Tun a 1992 ma sun taɓa yin wata mai magana da ke cewa darasin lissafi da wuya. An rataya wa injiniyar sunan sana'a, amma aikin yana hannun maza, ita kuwa an bar ta da gashi da takalmi.

Mu a gida ba a saya mana 'yar tsana. Da hannunmu muke haɗa ta: kara ko ƙashi, ƙyallen da muka roƙo wurin tela, zare a yi mata kitso, marafan kwalba su zama kwanukan jere. Ba zan ɓoye ba, duk wasan a aure yake ƙarewa, da guɗa da gara da kai amarya. Ranar da na zauna cikin yayyena maza ina lanƙwasa motar langa-langa, Goggo ta kore ni, ta ce ba aikin mata ba ne. Har yau abin yana min ciwo. Duk da haka yarinyar Tudun Wada tana aunawa, tana yankawa, in ya karye ta sake. Wadda aka miƙa wa injiniya a kwali fa, me hannunta ya koya ban da taje gashi?

A nan Legas Taofick Okoya ya ƙirƙiro Queens of Africa, baƙaƙen 'yan tsana masu suturarmu, har da Azeezah ta Hausawa. Na yaba ƙwarai, launi da sutura sun gyaru. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne me yarinya ke yi da hannunta.

Ban sayi ta kantin ba. Na ja 'yata muka shiga Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Ikeja, ta tsaya ta kalli wata Bayarabiya ta buɗe waya tana canja mata gilashi, ba wanda ya riƙe mata komai. Da muka dawo gida na ba ta tsohuwar rediyon babanta da sukundireba. Har aka kira magariba tana kan tabarma, ta jera ƙusoshin a murfin kwano don kada su ɓace.